Harbin Wakili a Bakin Juji

Zuwa ga Baban Nusaiba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Ikko? Baba da Nusaiba suna gaishe ka.

Shanun huɗarka, Fari da Gitsawa, sun yi ƙiba har ana yi mini ba'a wai na fi kula da su bisa ɗiyata. Ina ɗaure su a turke bayan gida da sabuwar igiyar da ka aiko, ƙulli biyu kamar yadda ka ce, don kada ɓarayin daji su kora su cikin sauƙi. Sai dai jujin bayanmu ya dame ni. Tun da mahauta suka fara zubar da ƙashi da tumbi a can, kuraye suka saba. Shekaranjiya sun ɗauke akuyar Habi maƙwabciya, ƙafa ɗaya aka tsinta. Wakili ɗan banga ya sha alwashin zai yi maganinsu. Ka san shi da cika baki.

Damina ta kusa, ka yi ƙoƙari ka zo.

Taka,
Sadiƙa, Turba

Zuwa ga Baban Nusaiba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu dai da ranmu, alhamdu lillahi. Ka zauna kafin ka karanta.

Ran Talata bayan isha'i Wakili ya laɓe bakin juji, bai faɗa wa kowa ba. Ya ga kura, ya saki bindiga. Ka san abin da ƙarar bindiga ke nufi a Turba yanzu: ɓarayin daji. Babu wanda ya tsaya tambaya. Na goya Nusaiba, na ja Baba, gari duka muka watse cikin gonaki, Wakili na bayanmu yana ihun cewa shi ne ya yi harbin, mu kuwa muna jin ihun muna ƙara gudu.

Daga inda muka kwanta ina jin kukan Fari. Na yunƙura, Baba ya danne ni, ya ce, "Bar su su kora shi, ɗiyata. Rai ya fi."

Ashe babu mai kora shi. Da asuba muka tarar kuraye sun farke masa ciki daga baya, hanjinsa a ƙasa, sun cinye cinya guda, yana nan da rai yana kallona. Gitsawa sun cire masa wutsiya, har yanzu jikinsa na rawa. Baba ya yi bisimilla ya sa wa Fari wuƙa don kada ya zama mushe, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa tsanar abu kamar jujin nan ba.

Sa guda ba ya jan garma, ban san yadda za mu yi da gona bana ba.

Ƙasar turken duk Fari ya tone ta da kofato, fatar wuyansa ta saɓule wurin ja. Igiyarka ba ta tsinke ba, ƙullina ma bai kwance ba.

Taka,
Sadiƙa