Baƙin Mai a Bayan Sufana

Litinin, 3 ga Maris

Sufana ya wuni yana susa. Ƙuraje sun feso masa a baya, gashin wurin ya zube. Shekara takwas karen nan yana min gadin gareji. Na ɗebo baƙin mai na shafa masa, yadda maigidanmu yake yi tun ina koyon kanikanci.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙurajen sun fashe, mugunya na tsiyaya. Wari kuwa ba a magana. Ya kwana yana lasar wurin. Yaya ya leƙo, ya toshe hanci: "Kai komai sai ka shafa masa mai? Kare ne fa, ba giyabos ɗin mota ba." Na yi dariyar yaƙe.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai shi asibitin dabbobi. Kafin mu tafi na wanke man da fetur don kar a yi min dariya. Ihun da ya yi har yanzu yana kunnena. Likitar ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatar, ta ba da magani na sati uku. Ta tambaya ko na sa masa wani abu. Na ce a'a. Wallahi a'a na ce.

Litinin, 10 ga Maris

Amai. Ko ruwa ba ya zama.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗaure wa wani tayar mota ban ƙulle noti biyu ba, Allah ya sa Yaya ya gani. Likita ta sake duba Sufana, ta ce ciwon fata kaɗai ba ya kwantar da kare haka, akwai abin da ba ta gano ba. Na sunkuyar da kai. Tsoro nake ji. Idan ya mutu ni na kashe shi.

Laraba, 12 ga Maris

Ya kasa tashi. Na sungume shi na koma, na faɗa mata komai, man da fetur ɗin. Ba ta yi faɗa ba, gara ma a ce ta yi. Ta ce, "Malam, da ka faɗa ran Asabar." Ta sa masa ƙarin ruwa, ta ce sai abin da gobe ta nuna.

Yaya ya kira, wai motoci uku na jira. Na ce su jira. Ina kan bencin ƙofar asibitin. Ba wani abu ba ne, kawai bai saba kwana wurin da ba ya jin muryata ba.