Layi Uku a Takardar Jamilatu

Litinin, 8 ga Yuli, 1985

Na ci bak, jarrabawar gama sakandare. Na iso Matameye da la'asar, takardar zaɓen makaranta na cikin jakata. Layi uku ne: ka rubuta abin da kake so ka karanta da inda kake so, a aika Yamai, gwamnati ta yanke. Ranar 20 ga wata za a rufe karɓa a Damagaram. Na riga na cika biyu. Likitanci, Yamai. Likitanci, Dakar.

Bara damina ba ta yi ba, Inna ta rame. Ba ta yi zancen rumbu ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Yaya Abdu ya ce in sa Zariya a na uku. Shi da aka koro daga Kano wata biyu da suka wuce da tabarmarsa kaɗai, iyaka kuma a rufe! Na ce da wane Ingilishin zan yi karatun? Ya yi dariya. "To lokotoro, ke kika sani."

Alhamis, 11 ga Yuli

Mushe Manu, malaminmu na kimiyya, ya biyo ta gida zai wuce Tsauni. Ya daɗe yana duban takardar.

"Jamilatu, gurbin likitanci kaɗan ne. Ki sa wani abu daban a na uku, ko koyarwa ko aikin gona. In ukun nan suka faɗi, gwamnatin soja ba ta duba takarda sau biyu."

Na ce likita zan zama, ko in zauna gida. Na ɗaga murya fiye da kima, a gaban Baba kuma. Aljeriya zan sa.

Asabar, 13 ga Yuli

Majo Lawwali, babban ma'aikacin asibitinmu, ya yarda in riƙa taya su awon yara. Mata daga Kurni da Yauri sun cika rumfa har waje. Wata yarinya mai shekara uku, sikeli da ƙyar ya motsa. Na rubuta nauyinta, na karɓi na gaba. Wannan aikina ne, kowa ma ya faɗi abin da yake so.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ruwa! Tun azahar har magariba.

Talata, 16 ga Yuli

An sallami Baiwa, wata dattijuwa daga Kurni, da jikarta Shekara. Yarinyar ta murmure, har tana ƙwace cokali. Cikin murna na ce, "Iya, ga ruwa ya sauka, sai shuka."

Ta dube ni. "Ɗiyata, da me? Irin mun cinye tun kafin azumi."

Da suka fita Majo ya ce wannan zuwansu na uku ne bana, kuma za su dawo. Na tambaye shi maganin da ya kamata a ba su. Ya ce, "Geron da zai nuna kafin ruwa ya ɗauke. Babu shi a kabad ɗina."

Na ji haushinsa. Ban san dalili ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na tambayi Baba kwana nawa geronmu ke yi kafin ya nuna. Ban taɓa tambayarsa komai kan gona ba, shekara bakwai ina lakol, ina karatun boko a Damagaram. Ya yi ta magana har abincinsa ya huce. Sannan ya kai ni ɗakinsa ya nuna mini ɗan tulun da ya liƙe da laka, inda ya ɓoye irin da ya shuka shekaranjiya. Ashe Inna ta san da shi duk watannin nan. Ba ta taɓa shi ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Na kai takardar Damagaram, an buga mata hatimi. Yamai, Dakar, duka likitanci. Na uku: aikin gona, Yamai. Don in huta da Mushe Manu ne kawai. Likita zan zama.

A mota na ɗauko littafin sassan jikin mutum zan yi bita. Har muka iso ban buɗe shi ba. Gonaki nake ta kallo, waɗanda aka shuka da waɗanda aka bari haka nan. Karatu a mota dama yana sa ni ciwon kai.