Zane Biyu a Jikin Sirinjinka

Zuwa ga maigidana Malam Iro,

Gaisuwa da addu'a. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma tunda na fita takaba tambaya ɗaya ke cina.

Gida lafiya, an cire gyaɗa. Sai dai magenka Fara ta rame. Ruwa take sha ba ƙaƙƙautawa, inda ta yi fitsari kiyashi ya taru, yadda ya riƙa taruwa a naka.

Jiya na buɗe gwangwanin da kake tafasa sirinjin allurar ciwon sukarinka. Na ga zane biyu a jikin gilashin. Babban na san shi, naka ne. Ƙaramin fa, wanda ka karta da reza can ƙasa, na wa ne?

Shekara biyu maganin yana ƙarewa saura kwana huɗu wata ya cika. Ka ce zafi ne ke ɓata shi, alhali da hannuna nake binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ƙaninka Sule, da ke karɓo maka shi daga asibitin Kano, na ce masa ɓarawo a gaban matarsa. Kana zaune kana ji, ka bar shi da laifin. Zumar da ke raguwa kuwa, kai na zarga da lasa a ɓoye. Ashe Fara kake shafa wa a baki idan allurar ta yi mata yawa ta faɗi?

Malamin dabbobi guda, duk Gaya da Ajingi an san ka, ba ka san abin da kwana huɗu ba allura zai yi maka ba? Ka rasu ashirin da tara ga wata, Malam. Na san rai na Allah ne, amma ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba.

Sule ya kawo sabuwar kwalba ranar da aka kai ka makwanci, tana nan a yashi. Na je na roƙe shi gafara. Ita kuwa Fara, ko kallonta ba na son yi. Duk da haka yau da safe na ba ta kifi, ta ci, na ja maganin daidai ƙaramin zanenka, na tsira mata a wuya. Ba ta ko motsa ba, Malam. Ta saba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Matarka,
Hajara