Ƙanina zai ƙaddamar da takara ranar arba'in ɗin mahaifiyarmu

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana. Jama'ar wannan zaure, don Allah shawararku nake nema, zan jero abin yadda ya faru.

Ni ne babba a gidanmu, ina sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma. Ƙanina da ke bi na yana riƙe da wani ɗan muƙami na siyasa, tun da ya samu kowa Honarabul yake ce masa, har ni ya taɓa aiko wa cewa in daina kiran sunansa a gaban mutane. Na daina.

Mahaifiyarmu, Inna, ta rasu a garinmu Ɗantutture bayan sallar asuba. Kafin ƙarfe tara mata sun yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an gama haƙa kabari, liman yana zaune. Sai ƙanina ya bugo waya ya ce kar a sallace ta sai ya iso da ogansa daga Katsina. Na ce masa gawa ba ta jiran kowa, ya ce Yaya kai ba ka san furotokol ba, awa ɗaya ce kawai. Aka yi azahar ba su zo ba, masu gona suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan la'asar ya iso, ogan ma bai zo ba, wakili ya turo. A maƙabarta da ya zuba ƙasa sai ya ce a sake miƙo masa shebur, wai mai ɗaukar masa hoto bai kama ba. Aka miƙa masa. Ina tsaye ina kallo, ban ji komai a raina ba.

Na biyu shi ne zaman makoki. Kwana uku yana ƙirga motocin da suka zo, yana gaya wa masu gaisuwa cewa duk ƙasar Kurfi ba a taɓa ta'aziyyar da ta tara manya haka ba. Wani tsoho abokin marigayi babanmu ya tambaye shi, ya ce Honarabul, wai Inna ce ta rasu ko zaɓe aka ci, aka yi dariya, shi ma ya yi, bai gane ba. Rana ta biyu abokin hamayyarsa ya zo, tare suka yi firamare, ya sha cin tuwon Inna a akushi ɗaya da shi. Ya miƙa masa hannu, ƙanina ya kau da kai yana danna waya, sannan ya sa aka mayar masa da buhun shinkafar da ya kawo cikin but ɗin mota. Mutumin ya yi addu'arsa ya tashi. Ni na raka shi bakin hanya na ba shi haƙuri.

Yanzu ga na uku, wanda ya kawo ni nan. Ranar Juma'a ce sadakar arba'in. Mu abin da muka saba, malamai su yi sauka, a raba waina da ƙosai, a watse. Shi kuma ya kama rumfuna da lasifika, ya buga fasta da hoton Inna na fasfon aikin hajji a gefen nasa, ya ce ana shafa fatiha zai sanar da cewa yana neman ciyaman, wai ba zai sake samun taro irin wannan ba. Na kira shi na ce ban yarda ba. Ya ce ai albarkar uwa yake nema, kuma in ban da shi wa ya san gidan nan. Ya ce idan na hana, zai kwashe mutanensa ya yi tasa sadakar a Dutsin-Ma, kuma ba zai ƙara taka gidan ba. Na san shi, zai aikata.

Lokacin da Inna take jinya ta riƙe hannuna ta ce ko me ya yi kar in bari mu rabu, wai girman jiki kawai ya yi. Na kai maganar wajen Kawu, ya ce kai ne babba, abin da ka yanke shi ke nan. Ƙannenmu mata suna kuka, kowacce tana jira ta ji daga bakina. Ni kuwa tun ranar rasuwar ban yi hawaye ba, haushinsa ma ba na ji, ina zuwa kasuwa ina auna masara ina dawowa.

Masu cewa arba'in bidi'a ce, na ji, amma ba shi na tambaya ba. Tambayata ita ce, in hana shi in karya abin da Inna ta roƙe ni, ko in bar shi ya yi kamfen a kan addu'arta? Kuma idan barin sa zan yi, in zauna a cikin rumfar, ko in shiga ɗakinta in rufe ƙofa har su gama? Saura kwana huɗu, ku taimaka ku gaya mini.