Layukan da Ka Tsallake

Zuwa ga maigidana, inuwata a tsakar rana, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira. Zuwa ga Baban yara, wanda har yau in an ambaci sunansa a gabana sai in sunkuyar da kai, kamar ba shekara goma sha huɗu muka yi a ɗaki ɗaya ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da wannan injin haƙa rijiya naku mai ruri da ya raba ni da kai shekara biyu. Na san yanzu kana juya takardar nan gaba da baya, kana neman rubutun Babba, babbar 'yarmu. Kada ka wahalar da idonka, farin cikina. Ba ita ta rubuta ba. Wannan karkataccen rubutu da ke hawa tudu yana gangarowa kwari, na matarka ne. Ka zauna tukuna, ka goge man injin da ke hannunka, in ba ka labari.

Ka tuna ginin nan mai koren ƙofa da ke bayan asibitin unguwa, wanda muke wucewa ba ma ko waiwaye? Laburare ne. Wata biyu bayan tafiyarka, da gidan ya yi mana faɗi, maƙwabciyarmu ta ce ana tara yara a can duk Asabar da hantsi ana karanta musu labari. Na kai Babba da Auta don su rage mini tambayar yaushe Baba zai dawo. Kai, da ka ga ɗakin! Tagogi manya, littattafai a kan kantoci har kusa da rufi, fanka guda tana juyawa tana ƙorafi, da shuɗiyar darduma da ta koɗe a tsakiya saboda gwiwoyin yara. Ƙanshin tsohuwar takarda ya cika ko'ina, irin ƙanshin aljihun rigarka. Malamar wurin, mai gilashi, wadda yara ke kira Anti, sai ta zauna a 'yar kujerar da ba ta ishe ta ba, ta yi muryar zaki, ta yi ta ɓera, yara su yi tsit kamar tsuntsaye a reshe kafin ruwa ya sauko. Mu iyaye muna kan benci a baya.

Wata Asabar Auta ta jawo wani littafi mai hoton jirgin ruwa, ta ɗora mini a cinya, ta ce in karanta mata. Me zan ce wa 'yar shekara biyar? Na kalli hotunan, na shirya mata labari daga kaina, na ce jirgin baban wata yarinya ne yana kan hanyar gida. Ta ɗago ido ta ce ba haka Anti ta karanta ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. Malama ta ji, amma ta yi kamar tana gyaran kanta. Da aka tashi sai ta miƙo mini almakashi da takardu masu launi, ta ce hannunta ba ya jin yanka, in taimaka mata in yanke haruffan da za a manna wa yara a bango. Duk wanda na yanka sai ta faɗi sunansa a hankali, kamar da kanta take magana. Sati huɗu ina yanka kafin na gane dabarar baiwar Allahn nan. Ranar ta gaya mini akwai ajin iyaye, Talata da Alhamis bayan la'asar, yayin da yara ke zane a ɗakin kusa.

Mu tara ne a ajin. Akwai Baba tela, wanda ke auna mutum da ido ya ɗinka masa riga daidai, amma fensir ya gagare shi. Shi ya ce haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ, hula suka sa don su nuna sun fi 'yan'uwansu. Akwai mai kifi, wadda ƙanshin sana'arta ke riga ta shigowa. Ta ce ita ba komai ya kawo ta ba sai son sanin wa ke yawan turo wa mijinta saƙo. Da ta iya karatu, ashe kamfanin waya ne. Mun yi dariya har Malama ta cire gilashi. Ko Iya, mahaifiyarka, ba ta tsira ba. An yi ranar kakanni, aka roƙe ta tatsuniya ɗaya, ta yi uku. Mahaifiyarka da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa ko'ina, yanzu ita ke riga kowa yafa mayafi ranar Asabar. Ita da yaran duka na sa sun yi mini alkawarin ba za su gaya maka ba. Na so in ba ka mamaki. Ashe kai ka tanadar mini nawa mamakin tun tuni.

Ya hasken safiyata, ka tuna shekarunmu na farko, da kuke yawon haƙa rijiyoyin burtsatse ƙauye-ƙauye, ka yi wata ɗaya, wata biyu ba ka gida? Kakan rubuta mini wasiƙa a can, amma ba ka aikowa. Ka ce ba ka son wani ya shiga tsakanin bakinka da kunnena, sai ka riƙo ta a aljihu ka kawo da kanka. Ina ganin dawowarka ta farko kamar yanzu. Ana yayyafi, muna zaune a bakin ƙofa, ƙafafunmu na shan feshi, shayinka na hucewa a gefe. Ka warware takardar, ka yi gyaran murya kamar mai labarai a rediyo. Ka karanta cewa hanya ba kyau, dutse ya karya muku baki biyu na injin, in gaida Iya, in riƙa rufe taga. Shi ke nan ka ninke. Na ce yaya takarda cike gaba da baya, amma karatu ya ƙare tun shayi bai huce ba? Ka ce rubutunka ne manya-manya. Na yarda. Me ya sa ba zan yarda ba? Na adana su a gwangwanin alewa a ƙasan akwatina, guda talatin da ɗaya, ina shinshina su in kewarka ta dame ni.

Amma bari in faɗa maka gaskiyar da ban taɓa faɗa ba. A duk shekarun nan na ɗauka kai mutumin kirki ne da ya auri wadda ba ta yi makaranta ba, ya riƙe ta da mutunci. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka taɓa bari na nemi abu na rasa ba. Sai na ce wa zuciyata: ke, wannan ya ishe ki, kada ki nemi farin wata a tafin hannunki. Na so ka kamar yadda jijiyar itace ke son ruwa, a ɓoye, a ƙarƙashin ƙasa, ba mai gani. Na hana bakina faɗa, don kada in ɗora maka nauyin amsawa.

Ranar Alhamis ta makon jiya na saka gwangwanin a jaka na tafi laburare da wuri, don a gida yara ba za su bar ni ba. Na zauna a lungun da ke kusa da taga, inda inuwar ganye ke wasa a kan tebur. Na ɗauko ta farko, na ɗora yatsa, ina haɗa baƙi da baƙi. Ga hanya mara kyau, ga dutse, ga gaisuwar Iya. Duka layi huɗu ne. A ƙarƙashinsu kuwa, ya Allah, ga kogi!

Ka rubuta: "Yau mun samu ruwa bayan kwana tara. Da ya ɓullo mutanen garin suka yi ta sowa, ni kuwa ke na tuna, ranar da kika fara yi mini dariya." A ta bakwai ka ce ka ga wata mace daga nesa tana tafiya irin tawa, ka bi ta da ido har abokan aikinka suka yi ta tsokanarka. A ta goma sha biyu ka ce: "Na san ba za ki iya karanta wannan ba, shi ya sa nake da ƙarfin halin rubutawa. In na zo gabanki harshena nauyi yake yi."

Rubutunka ba manya ba ne, Baban yara. Ƙanana ne, a matse, kamar tururuwa a kan hanya, don kada takarda ta ƙare maka.

Ban san ina kuka ba sai da ɗigo ya faɗa a kan tawada. Malama ta zo wucewa da tarin littattafai, ta dube ni, ta ajiye mini kofin ruwa, ta ja labulen lungun, ta gaya wa 'yan aji yau ba ni da lafiya. A bayan labulen ina jin yara suna rera waƙar haruffa, ni kuma ina zaune ina zama amarya a karo na biyu. Wace irin bishiya ce kai, da ka yi shekara goma sha huɗu kana zubar da furanni a tsakar gidana ban sani ba? Wane irin dare ne ya rufe mini ido, taurari na zuba a akwatina ina kwana a kansu?

Sai na kai ga ta ƙarshe, wadda ka rubuta kafin a haifi Auta. A can ƙasa, inda biron ya fara ƙarewa, ka ce: "Wani lokaci ina tsoron haƙuri kawai take yi da ni. Ba ta taɓa cewa kada in tafi ba."

Wayyo, rabin raina! Ashe tsoro ɗaya muke kwana da shi, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana rungume da nasa. Nan take na tuna wayarmu ta farkon wata, da ka ce kamfani na so ka ƙara shekara biyu, suna jiran amsarka kafin wata ya ƙare. Ka tambaye ni me na gani. Na ce duk yadda ka gani daidai ne. Ka yi shiru, shirun da na ɗauka layi ne ya yanke, sannan ka ce to, a gaida yara. Yanzu na san abin da shirun nan ya ƙunsa. Yanzu na san na yi maka ƙarya, don a lokacin da bakina ke cewa daidai ne, zuciyata cewa take ka dawo.

To ga amsata ta gaskiya, da hannuna, ba ɗan aike, ba kunyar yara, ba layin da zai yanke. Kada ka sa hannu a takardarsu. Kada ka ƙara ko wata ɗaya. Ka dawo. Ina son ka, tun ranar da ka tsaya a ƙofar gidanmu kana murza hularka. Ina son takunka a zaure, da tarinka na safe, da yadda kake hura wa Auta shayi. In ba kai, gidan nan kamar gona ce da aka share aka yi kunya, iri na hannu, sama ta ƙi zubarwa. Abin da muke da shi zai ishe mu. Ƙasar nan ma akwai ruwa a cikinta, akwai masu neman mai haƙa. Babba ta kusa kamo ni a tsawo, Auta ta fara manta ko kana da gemu. Har yaushe za ka riƙa shayar da garuruwan mutane, naka gidan na jin ƙishi?

Na ba direban da ke kai muku bututu wannan takarda, ya ce kwana huɗu zai iso gare ku. In lissafina daidai ne, za ta riga ƙarshen wata.

Saura magana ɗaya. Asabar ta ƙarshe a watan gobe za a yi taron iyalai a laburare. Duk wanda ya gama ajinmu zai tsaya a kan shuɗiyar dardumar nan ya karanta shafi ɗaya a gaban mutanensa. Baba tela har ya fara ɗinka sabuwar riga. Jiya Malama ta zagaya da takarda, kowa ya rubuta kujeru nawa za a ajiye wa iyalinsa. Da ta zo kaina na ƙirga Iya, da Babba, da Auta. Ta miƙo mini fensir. Na ce a'a, ta ba ni biro. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce biro fa ba ya goguwa. Na ce na sani.

Huɗu na rubuta.

Ni ce taka, jiya da yau da duk sauran kwanakin da Allah ya ajiye mini, wadda ba za ta gaji da kallon hanya ba, ba kuma za ta ƙara yin shiru ba,

Maman yara.