Ba Zan Ɗora Ɗanmu a Juji Ba

Zuwa ga Shafa'atu, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar duniya ta buɗe, abokiyar kukana da dariyata. Amincin Allah ya lulluɓe ki, ke da abin da ke cikinki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannuna. Duk sanda na kira ki na ji numfashinki ya yi nauyi, sai in ɓige da tambayar ko an yi ruwa a garinku Ƙarfi. Tun da kika tafi gidanku goyon ciki, garinmu Dayi ya zame mini kufai. Mutane na ta hada-hadarsu a bakin titi, ni kuwa ko tuwo da ƙyar yake wuce mini.

Tsoro nake ji, Shafa. Sau uku kina haihuwa, sau uku ina ɗaukar abin da kika haifa naɗe cikin farin ƙyalle, in nufi bayan gari da shi. Ba wanda ya kai ga rarrafe. Yanzu ga ciki na huɗu ya tsufa. In waya ta yi ƙara ina gona, gabana faɗuwa yake, fartanya ta suɓuce daga hannuna. Me za a ce mini? Barka, ko kuwa sai haƙuri?

Kin tuna lokacin kaka na farko bayan aurenmu, ranar da kika tsince mafi farin audugar da na kawo gida, wai ta matashin jariri ce? Ina ta yi miki tsiya cewa kin yi riga malam masallaci, kina dariya har da riƙe ciki. Wayyo, wannan dariya! Rabon da in ji ta har na manta, kuma ita nake roƙon Allah Ya maido mini.

Jiya mahaifiyata Inno ta kira ni ɗaki. Ta ce wabi ne wannan, kuma maganinsa sananne ne: da an haihu a kai jaririn a ajiye kan juji, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintuwa, a riƙa kiransa Ajuji, don mutuwa ta ɗauka ba mai son sa ta wuce. Ta ce haka aka yi wa ƙanenta, ga shi nan har da furfura. Tana faɗa tana share hawaye, don ita ma jikokinta ne. Wallahi saura kaɗan in yarda, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma ta yaya zan nuna ba na son abin da muka roƙa goshinmu a ƙasa? Wa za mu ruɗa? Wanda ya ba mu ukun nan Shi ya karɓi abinsa, kuma Yana ganin juji kamar yadda Yake ganin cikinki. Na durƙusa na ba ta haƙuri.

Kada ki zaci tsoron ya tafi, ƙaruwa ma ya yi. In wannan bai tsaya ba, cewa za a yi taurin kaina ne ya ja. Duk da haka na miƙa mu ga Ubangiji. Ban san hikimarsa ba, na dai san ba Ya zalunci. Ki daure ki riƙa zuwa awo Malumfashi, sauran kuma nasa ne.

Abin da ya fi firgita ni shi ne maganar da ƙanwarki Ummukulsum ta kawo mini, wai kin ce in wannan ma ya koma ba za ki dawo ba, in nemi wadda 'ya'yanta ke zama. Haba, hasken ɗakina! Na iya haƙa ƙaramin kabari in dawo gida da ƙafata ne saboda na san zan tarar da ke a ciki. In babu ke, wa zan tarar?

In Allah Ya raya mana shi, zan raɗa masa suna mai kyau a gaban jama'a, kowa ya san ana son sa. In kuma Ya karɓa, mu yi kukanmu tare. Ki dawo mini, Shafa, ko da goyo ko bayanki ba kowa.

Naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,
Awaisu