Mijina ya rasu, ni nake tura tambayoyin Juma'a da sunansa

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin duk zagin da zai yi min na riga na yi wa kaina.

Ni malamar firamare ce a Tambuwal. Maigidana ma'aikacin lafiya ne a Kebbe, yakan tafi Litinin a kan mashin ya dawo Alhamis. Mutum ne mai kamun kai, abu ɗaya ne kawai ya fi ƙarfinsa, wani gem na waya da ake gina gari, a yi noma, a tara dawaki a fita yaƙi. Har guruf gare su, kusan mutum arba'in daga garuruwa masu nisa, ba wanda ya taɓa ganin wani, da laƙabi kawai suka san juna. Shi Alƙali suke ce masa, saboda duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan tura musu tambayoyi biyar a kan gem ɗin, wanda ya fara cinyewa shi ne gwanin mako. Babu kyautar komai, sai musu da dariya. A wani littafi yake tara tambayoyin, amsoshin kuma da jan biro. Sau nawa na yi masa tsiya? Nakan ce, "Malam, ɗiya ukku gare ka, kana zaune kana ƙirgar dawakin waya?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai bar ni. Wagga da nika rubutawa, ko sun taru ba su cin ta."

Wata uku ke nan ya dawo daga Kebbe da zazzaɓi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai ina zaune a ɗaki cikin takaba, wayarsa ta dame ni da ƙara. Na duba, 'yan guruf ɗin nan ne. Alƙali ina ka shiga? Alƙali ko tambayoyin sun ƙare ne? Wallahi na rubuta musu cewa Allah ya yi masa rasuwa, na rubuta har ƙarshe, yatsana ya ƙi turawa. Na goge. Na jawo littafin nan, na ga inda ya tsaya, na kwafe guda biyar na tura. Ta farko ita ce, me tsohon maƙerin bakin kogi yake ba ka in ka kai masa gishiri? Nan da nan wuri ya kaure, wannan ya ce takobi, wancan ya ce sulke, wani ya rubuta, "Alƙali ya iso, kowa ya shiga taitayinsa." Anti, a tsakar gida kowa marigayi yake cewa. A nan kaɗai ake yi masa magana kamar zai amsa. Na yi kuka, na kuma yi dariya, karo na farko tun da aka fita da shi.

Na ce sau ɗaya ne, Juma'a mai zuwa zan faɗa musu. To ga shi na yi goma sha biyu. Ni da ban taɓa buɗe gem ɗin ba, yanzu ni ce mai yanke hukunci da jan bironsa. In sun tsokane ni sai in haura sama cikin tsoffin saƙonni in duba yadda yake ba su amsa, in kwaikwaya. Ran nan Inna, mahaifiyarsa, ta shigo ta same ni ina murmushi ta ce, "Mi kinka gani cikin wagga waya, ɗiyata?" Na ce hotunan yara ne. Ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri," ta shafa kaina ta fita. Ina cikin takabar ɗanta ina raha da mazan da ban sani ba, na kuma dube ta na yi mata ƙarya. Wace irin mace ce ni?

Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba. A gidan malamai na tashi, tun ina ƙarama nake jin Baba yana karantar da cewa babu abin da mamaci yake jira kamar addu'a. Mutum arba'in suna ƙaunar bawan Allahn nan, kuma har yau ko ɗayansu bai ce Allah ya jiƙansa ba. Ni na tare masa. Don in ji daɗin rabin awa a mako na hana shi abin da ya fi buƙata, kuma na sani, ba jahilci ba ne. In na faɗa yanzu me za su ɗauke ni? Wata uku suna wasa da matar mamaci? In magana ta zago Tambuwal ta shiga kunnen Baba ko na Inna, da wane ido zan dube su?

Jiya wani daga cikinsu, direba ne a Zariya, ya turo saƙo shi kaɗai ba a guruf ba. Ya ce zai tafi Umara, jibi jirginsu zai tashi. Ya rubuta, "Alƙali, shekara uku kana faranta mana rai. Faɗi abu ɗaya da zan roƙa maka a gaban Ka'aba. Tsawon rai zan ce, ko ƙarin girma a wurin aiki?"

Ya ga alamar na karanta, yau da safe ya sake turowa yana jira. Na san addu'ar da ta dace da maigidana, kalma uku ce, kuma na kasa rubuta ta. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin jirgin nan ya tashi. Me zan yi?